Gadar Ƙyaure

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa daga ɗanki. Yaya ƙafar nan, tana barinki fita kuwa? Yaya ido? Yaya 'yata Tsuntsuwa, ta fara cin abinci kamar mutane, ko har yanzu tsinta take yi ɗaya-ɗaya? Ni lafiyata ƙalau, in ban da ciwon bayan da babur ke sa ni, shi ma da na miƙe a tabarma yake tafiya.

Aikin gidan burodin ya zauna. An ba ni babur da akwati a baya, ina raba wa masu shaguna da masu shayi. Ranar farko aka ce in kai Sauke Ni Nan. Na tsaya ina jira a faɗa mini sunan wurin, ashe sunan ke nan. Gwaggo, garin nan ba gari ɗaya ba ne. Sai ki yi ta tafiya har man babur ya yi ƙasa ba ki ga ƙarshen gidaje ba, kuma kowane lungu da sunansa, sunan da babu wanda ya zauna ya raɗa. Akwai Ba Canji, saboda wani mai shago da ya rasu tun ba a haife ni ba. Akwai Bayan Tanki, an sauke tankin tuntuni amma mutane suna nan a bayansa. Akwai Kwanar Akuya. Na tambayi wani tsoho mai shayi wace akuya, ya ce shi ma tarar da sunan ya yi, amma ya ji an ce baƙa ce.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne iyaka. Babu katanga, babu allo, amma kowa ya san inda unguwarsa ta ƙare. Sai ki ga shaguna biyu kusa da juna, wannan ya ce shi ɗan Ba Canji ne, wancan ya ce Allah ya kiyaye, shi ɗan Bayan Tanki ne. Iyakar kuwa wata 'yar kwata ce da ko kaza za ta tsallake.

Ni ina unguwar Injin Ƙanƙara, can ƙarshenta. Injin ya daɗe da mutuwa, sai katangarsa. Bayan gidanmu akwai rafi, shi ne iyakarmu. In kin tsallaka shi kin shiga Filin Tantabaru, inda babu fili, babu tantabara ko ɗaya. Mai gidan da nake haya ana ce masa Mai Kwaɗo. Dā shi ne mai gadin injin, da aka rufe sai aka bar masa ƙaton ƙyauren ƙarfen wurin, ya kawo ya kafa a gidansa. Ƙyauren ya fi gidan girma. Rana na faɗuwa zai datse shi, kowa ya kuka da kansa. Ban taɓa ganin haƙoransa ba.

To ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Akwai makaranta a unguwarmu, mai kyau, kuma 'ya'yan unguwa kaɗai take ɗauka, daga babban titi zuwa rafi. Na ga shugabar makarantar, ta ce in kawo yarinya a sabon zango. Gwaggo, tun rasuwar mahaifiyarta ke kika riƙe mini ita, alhali ke 'yar ƙanen kakana ce, ba wanda zai ce dole ne. Ba ni da bakin godiya. Amma ina so ta taso tana ganina. Ki duba mini wannan magana.

Ɗanki,
Dogo

*

Dogo,

Na amsa gaisuwarka. Ƙafa tana nan yadda ka san ta, ido kuwa sai na fita tsakar gida nake iya karanta rubutunka, don har yanzu kamar sawun kaza yake. Tsuntsuwa lafiya lau. Haƙorinta na gaba ya faɗi, ta hana kowa jefar da shi. Ta ce in tambaye ka ko mai gidanku kiwon kwaɗi yake yi. Na ce mata kwaɗon ƙofa ake nufi, ta ce ba ta yarda ba sai ta gani.

Na karanta wa maƙwabta sunayen unguwannin nan, mun sha dariya. Matar mai nama ta ce ƙarya kake yi. Ni dai na ce yaron nan tun yana ƙarami bai iya ƙarya ba, in ya gwada kunnuwansa ne ke fara tona shi. Amma a raina na yi ta juya abin. A ce mutum ya mutu, shagonsa ya rushe, kalma biyu da ya saba faɗa wa masu saye su zama wurin da ake haihuwar mutane. Ikon Allah.

Maganar yarinya. 'Yarka ce, ban taɓa mantawa ba, ko da yake wani lokaci ina yin kamar na manta. Ban ce a'a ba. Ka bari damina ta wuce, tarin nan nata ba ya son sanyi. Kafin nan ka faɗa mini gaskiya: ɗakin yana yoyo? Wa zai duba ta in ka fita da burodinka? Wa zai yi mata kitso? Rafin nan kuma da ka ambata, akwai abin da ya tare shi daga yara?

Na rubuta adireshin yadda ka ce: Injin Ƙanƙara, gidan ƙarshe kafin rafi. In wannan ta iske ka, to na yarda garin naku yana da hankali.

Ka riƙa cin abinci, ba burodi kaɗai ba.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ina lafiya, kada ki damu. A tsaye nake rubutu, a kan akwatin babur, takardar ma ta naɗe burodi ce, ki yi haƙuri da jiƙewarta.

An yi ruwa. Ruwa ya ɗauke mu daga Injin Ƙanƙara ya kai mu Filin Tantabaru, mu da gidajenmu gaba ɗaya. Abin da na gani ba zai shiga wannan takarda ba. Mai Kwaɗo ya rasa ƙyaurensa, amma ba don shi ba da yanzu wani labarin ake yi. Maganar makaranta ta ɗan tsaya. Zan rubuto da kyau in na sami wurin zama.

Dogo

*

Dogo,

Wannan ita ce ta uku. Biyun farko sun dawo mini, an rubuta a bayansu wai babu wannan gida. Ka san abin da ke nan ga tsohuwa, a miƙo mata wasiƙarta a ce babu gidan? Wannan ta gidan burodinku na aika, in su ma ruwan bai tafi da su ba.

Kana raye? Hannunka ne ya rubuta waccan takarda, na gane, amma tun daga ita shiru. Na karanta ta a rana, na karanta a inuwa, na ba matar mai nama ta duba. Rabin tawadar ya narke. Abin da muka iya fitarwa shi ne ruwa ya kwashe ku da gidajenku ya kai wata unguwa, kuma Mai Kwaɗo ya rasu. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta. Ka yi wa iyalinsa ta'aziyya a madadina. Duk da ka ce ba ya dariya, mutumin da yake rufe ƙofa a kan 'yan haya da kansa ba mugu ba ne.

Wane irin ruwa ne yake ɗaukar gida da mutane a ciki? Ina kake kwana? Ka ji ciwo ne kake ɓoye mini? Ban faɗa wa Tsuntsuwa ba, amma yarinyar nan tana karanta fuska fiye da takarda. Jiya ta ƙi cin komai, ta zauna a bakin ƙofa tana kallon hanya. Da na ce ta shigo, sai ta ce, "Gwaggo, Baba ya iya iyo?" Na ce ya iya. Ban sani ba ko ka iya.

Maganar makaranta ba tsayawa ta yi ba, mutuwa ta yi. Ba zan tura yarinya inda gidaje ke yawo ba.

Ka amsa mini ko da layi ɗaya ne.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Allah ya huci zuciyarki. Ina gaishe ki, ina gaida Tsuntsuwa. Ki faɗa mata Babanta lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu, kuma bai iya iyo ba amma bai buƙace shi ba. Wasiƙarki ta same ni a gidan burodi, manaja ya ga fuskata ya ce in je in zauna in ba ki amsa kafin in fita.

Da farko, Mai Kwaɗo bai rasu ba. Rasa na rubuta, ba rasu ba. Ƙyaurensa ya rasa. Na karanta masa ta'aziyyarki yana zaune a bakin gidansa, sai ya ce, "Wace ce wannan da ta ce ni ba mugu ba ne?" Na ce Gwaggona. Ya ce a gaishe ki.

Gidajenmu kuma ba su motsa ba, suna nan inda aka gina su. Rafin ne ya tashi. Bari in faɗa miki tun daga farko.

Ranar ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Can wajen duwatsu aka yi ruwan, mu muna cikin rana tsaka. Na gama rabo bayan azahar, ina dawowa da akwati wayam, na zo bakin lungun da ke shiga wajen gidajenmu, wanda ya bi jikin katangar tsohon injin. Sai na ji ƙara kamar manyan motoci suna tahowa a jere. Ashe wata bishiya ce ruwa ya tumɓuko ta toshe kwalbatin da rafi ke bi. Ruwan ya taru, ya nemi hanya, ya fasa katangar injin ya faɗo cikin lungun. A gaban idona, Gwaggo. Lungun da nake bi kullum, inda mai guga ke shanya kaya, ya zama kogi ja mai gudu, yana tafe da bokitai da kujeru da rufin wani kejin kaji.

Ni ina wannan ɓangaren, kan tudu. Mutanen gidajenmu suna can, sabon ruwa a gabansu, tsohon rafi ya cika ya tumbatsa a bayansu, ƙasar da suke tsaye a kai tana ta raguwa. Mata suna ɗaga yara sama. Muna ganin juna, muna jin ihun juna, tsakaninmu bai fi tsawon mota ba, amma duk wanda ya sa ƙafa ya tafi. Wani ya jefa igiya, ruwa ya fizge ta. An kawo katako, ya karye kamar kara.

Sai ga Mai Kwaɗo ya fito da guduma. Ya juya ya fuskanci ƙyauren nan nasa, wanda ko yaro ya jingina da shi sai ya sha faɗa, ya shiga dukan maƙalansa. Maƙwabcinmu mai walda ya gane, ya rugo da ƙarfe ya taya shi. Da ƙyauren ya faɗi ƙasa sai da na ji a tafin ƙafata daga inda nake. Maza suka taru suka ɗauke shi, suka tsayar da shi a kan dakalin mai guga, suka sake shi ya faɗo ta wajenmu. Bakinsa ya sauka a kan gindin katangar injin, da ƙyar ya kai, bai rage ko tafin hannu ba. Wato inda aka ciro shi tun farko, nan ya dawo ya kwanta. Muka danne wannan bakin, mu huɗu ko biyar. Mai Kwaɗo ya shiga ruwa har ƙugu ya rungume wancan.

Aka fara haurowa. Yara tukuna, suna rarrafe, ƙarfen yana rawa, ruwa yana dukansa ta ƙasa kamar ganga. Ni nake karɓarsu ina miƙa wa na baya. Maƙwabciyarmu matar direba ta hauro da tsohon ciki, idonta a rufe, tana kiran sunan Allah. An goyo wani tsoho makaho, yana tambaya, "A kan me muke tafiya?" Aka ce a kan ƙofar Mai Kwaɗo. Ya ce, "A buɗe take ko a rufe?" Wallahi a cikin wannan tashin hankali sai da mutane suka yi dariya. Tela ya hauro rungume da kan kekensa kamar jariri. Har awaki. Mai Kwaɗo ne na ƙarshe, leɓunansa sun yi fari, kwaɗon yana cikin aljihunsa. Ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Da ruwa ya janye, rafin bai koma gidansa ba. Ya zauna a lungun. Tsohuwar hanyarsa yanzu yashi ne, yara suna buga ƙwallo a kai. To kin san na ce miki rafi ne iyaka. Shi ya sa na rubuta cewa ruwa ya kai mu Filin Tantabaru, don yanzu muna hayinsa. Mai kawo wasiƙu ya zo neman gidan ƙarshe kafin rafi, ya tarar da wani gida daban, aka ce masa ai waɗancan sun zama 'yan Tantabaru. Ya zagaya can, aka ce masa su iyakarsu yashi ce. Shi ne ya mayar miki. Shugabar makaranta ma ta ce ba ta ƙi ba, amma dokarsu ta ce daga titi zuwa rafi, sai ta ji abin da manya suka yanke.

Ƙyauren yana nan a kwance, shi ne hanyarmu. Kowace safiya ina tura babur a kansa, kuma har yau ban taka shi ba tare da tsigar jikina ta tashi ba. Gidanmu kuwa a buɗe yake, ko allura ba ta ɓata ba.

Kada ki yanke hukunci tukuna.

Ɗanki,
Dogo

*

Dogo,

Alhamdu lillahi. Na amsa gaisuwa. Da na gama karantawa sai na zauna a kan turmi. Na sake karanta wa Tsuntsuwa wajen haurowar nan har sau nawa, yanzu ta kwantar da faifai a tsakar gida tana tsallakar da 'yan tsanarta.

Ka ce wa Mai Kwaɗo na riga na yi masa addu'ar mamaci, kuma da zuciya ɗaya na yi. Ya riƙe abarsa, ba ta lalacewa.

Ban taɓa jin irin wannan ba. Na ga ruwa ya ci gona, na ga ya ci gida, amma ban taɓa jin ya sauya wa mutane unguwa suna zaune a ɗakunansu ba.

Sai dai ka saurare ni. Yanzu in wani ya tambaye ni ina yarinyar da na raina, in ce tana ina? Can ba su karɓe ku ba, nan sun sake ku. In ta ɓata a garin nan naku mai faɗi, ta ce wa mutane a kai ta ina? In ta yi zazzaɓi na aiko da saƙo, ya dawo mini a ce babu gidan? Tsuntsuwa ba za ta zo ba sai wurin ya yi suna. Wannan ita ce maganata.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Barka da war haka. Ina fata ƙafa ta yi sauƙi yanzu da ruwa ya ɗauke. Ina gaida mai 'yan tsana. Na yi jinkiri da gangan, don ban so in rubuto hannu wayam.

Da na karanta cewa sai wurin ya yi suna, na yi murna, na ce ai shi ke nan, don suna kam mun yi, har a rediyo an faɗe mu, mutane suna zuwa kallo daga nesa. Na nuna wa matar direba layin, ta ce, "Kai dai Dogo tsawo kawai gare ka. Ba shahara take nufi ba, so take a raɗa wa wurin suna." Wannan kuwa ba a hannuna yake ba.

Ashe ba a hannun kowa yake ba. Wata safiya sabon ma'aikacinmu, wanda bai san inda nake zaune ba, yana loda mini burodi ya ce, "Wannan na mai shayin Gadar Ƙyaure ne." Na ce ina? Ya dube ni kamar baƙauye, ya ce, "Ba ka san Gadar Ƙyaure ba?" Na fita ina sauraro. Masu babur suna faɗa, masu sayar da ruwa suna faɗa. Na yi ta tambayar wa ya fara, babu wanda ya sani. Ina kwana a wurin, amma sunan ya riga ni zagaya gari.

Sai aka kira taro a kan yashin tsohon rafi. Mai unguwar Injin Ƙanƙara ya zo, na Filin Tantabaru ya zo, ga kuma wata ma'aikaciyar ofishin ƙasa da taswirarta da malafa. Yanzu da muka shiga rediyo, ga kuma famfon da ya fi kowanne ruwa a wajenmu yake, kowa so yake mu zama nasa. Wannan ya ce kakanninmu 'yan Injin ne. Wancan ya ce tun da aka kafa garin rafi ne iyaka, bai ga dalilin da za a ƙaryata rafi yau ba. Aka yi ta yi har rana ta take. Matar ta naɗe taswirarta ta ce, "Ku da kuke ciki, ku 'yan ina ne?" Tsoho makaho ya ce, "'Yan Gadar Ƙyaure." Wurin ya ɗauka gaba ɗaya.

Ta ce to, suna ya samu, saura iyaka, don ita ba ta iya zana unguwar da ba ta da ƙarshe. Nan aka sake rikicewa, wasu na cewa yashi, wasu na cewa har shagon mai walda. Sai Mai Kwaɗo ya ce, "Duk gidan da mutanensa suka taka ƙyauren nan ranar ruwa, yana ciki." Matar ta ce ita dai ba a koya mata wannan a makaranta ba, amma za a iya aunawa. Muka tashi muka bi ta gida-gida. A kowace ƙofa ta tambaya, "Kun haura?" A ce mun haura, maƙwabta su shaida, ta sa alama. Layin da ya fito a takardarta a karkace yake kamar sawun maciji, amma babu wanda ya yi gardama a kansa.

Sai muka zo gidan makanike, wanda ke kan ɗan tudu. Shi ranar kan rufinsa ya hau, bai haura ba. Ya tsaya a ƙofarsa kamar zai yi kuka, ya ce shi ke nan shi kaɗai za a bari a waje? Tela ya ce ai ƙyauren bai gudu ba. Makanike ya shiga ciki ya sako rigarsa mafi kyau, muka raka shi, ya taka ƙyauren a hankali daga wannan baki zuwa wancan, ruwa iya idon sawu yana wucewa a ƙasa, mutane suna tafi. Da ya sauka sai na ga da gaske hawaye yake yi. Wani ya ce ai Dogo ma bai haura ba ranar ruwa, a tudu yake. Mai Kwaɗo ya ce, "Wanda ya riƙe bai buƙatar ya taka." A nan ne na fara ganin haƙoransa. Guda biyu babu.

Masu unguwannin biyu, don kada a ce wani ya fi wani kirki, kowanne ya ce makarantarsa a buɗe take ga yaranmu. Na koma wajen shugabar, ta rubuta Tsuntsuwa. Ɗakin ba ya yoyo. Matar direba ta sauka lafiya, namiji, ita ce za ta riƙa duba ta in na fita, ƙanwarta kuma ta iya kitso. An kafa wa gadar ƙarfen dafawa hagu da dama.

Ki rubuto a gwada: Gadar Ƙyaure, gidan da ba ƙofa.

Ɗanki,
Dogo

*

Dogo,

Na iso gida lafiya, sai gajiya. Ƙafar ta kumbura saboda zaman mota, na sa ta a ruwan ɗumi. Yaya kuka kwana? Ta yi kuka bayan tafiyata? In ta yi, kada ka faɗa mini.

Akwai abin da ban gaya maka ba da muna tare. Ka san na ƙi sanar da kai ranar zuwanmu. Da gangan na yi. Na ce in wurin nan yana da suna da gaske, to sunan ya kai mu da kansa. Muka sauka a babbar tasha, Dogo, ban taɓa ganin mutane haka ba, kamar an zazzage duniya a wuri ɗaya. Na damƙe hannun yarinyar har ta ce ina ji mata ciwo. Ban kai ga tambayar kowa ba, sai na ji wani kwandasta yana rataye a ƙofar mota yana ihu, "Bayan Tanki, Ba Canji, Gadar Ƙyaure! Gadar Ƙyaure mutum biyu!" Na tsaya cak a tsakiyar tasha. Sunan da kajin gidana suka girme shi, ga shi a bakin wanda bai san ka ba, bai san Mai Kwaɗo ba, yana faɗarsa kamar tun farkon duniya yake nan. Tsuntsuwa ta ja zanena ta ce, "Gwaggo, mu yake kira."

Ƙyauren kuma ya fi yadda ka faɗa. Ni na zaci zan ga gada. Sai na ga ƙofa, da mariƙinta da ramin makullinta, a kwance, mutane suna tafiya a kanta da kayan cefane. Tsakiyarta har ta yi sheƙi saboda sawu. Ka ga na daɗe a kai ranar da zan tafi, ka zaci ƙafar ce. Ba ita ba ce.

Mai gidanku ya raka ni har titi bayan ka juya ɗauko jakata. Ya ce, "Hajiya, kin taka, kin zama 'yar unguwa. Ɗakin da ke kusa da na Dogo babu kowa." Na ce masa ni da aka haifa a gidan da nake ciki, ina zan kai tsufana? Ya ce shi dai ya faɗa. Ban amsa masa ba, kai ma kada ka sa rai. Na dai faɗa maka ne don kada ka ji a bakin wani.

Ka kula da tarinta, in ya tashi ka ba ta ruwan ɗumi da zuma kafin ta kwanta. Ba ta son a ja mata gashi wajen kitso, amma ba za ta faɗa ba, sai dai ka ga ta yi shiru. In ta ce ta ƙoshi, ba ta ƙoshi ba, ka zauna kusa da ita ka yi kamar kana wani abu, za ta ci. Kada ka bar ta ta tsaya wasa a kan gadar.

Gidan nan ya yi faɗi. Yau da safe na zuba abinci kwano biyu kafin na tuna. Na kai wa matar mai nama ɗayan, na ce mata yawa ya yi mini.

Gwaggonku